Tambaya da Amsa: In Sayar da Babbar Motata In Koma Ƙarama Saboda Tsadar Mai?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Babbar Kasuwar Maraɗi, ina zaune a unguwar Zariya. Ina da Toyota Highlander mai silinda shida, shekara bakwai ke nan tana hannuna. Lokacin da muke shan mai wajen ƴan ruwa-ruwa ban taɓa jin nauyinta ba, amma yanzu kuɗin mai na neman kamo kuɗin cefane. Abokaina biyu sun sayar da nasu, ɗaya ya koma Corolla, ɗaya Yaris. Da na je tambayar kuɗi sai na tarar ƙananan sun yi tsada, tawa kuwa dillalai na yi mata tayin wulaƙanci. Mu bakwai ne a gida, kuma duk wata nakan je ƙauyenmu wajen Dakoro in gaida tsohuwa. Me ya kawo wannan juyi, zai ɗore ne, kuma me kake ganin ya kamata in yi?

AMSA

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya ƙara wa tsohuwa lafiya, ya sa albarka a kasuwa.

Wannan tambaya taka ban san sau nawa aka yi mini ita a garaji ba cikin shekarun nan, kuma duk wanda ya zo da ita nakan fara da roƙonsa abu ɗaya: kada ya sallama motarsa kafin ya san lita nawa take sha. Mafi yawanmu ba mu sani ba. Abin da muka sani shi ne "na zuba na jika biyar jiya, yau allura ta kwanta." Wannan zafin aljihu ne, bai kai ga lissafi ba, kuma a kan zafin aljihu mutane da yawa suka rabu da motocin kirki.

Bari in fara da abin da ya faru da mu a nan, don halin da Maraɗi ta shiga ya bambanta da na wasu wurare. In ka duba farashin hukuma, esansi bai hau ba. Shekaru da dama lita tana kan sefa 540, a watan Yulin 2024 ma gwamnati ta rage ta zuwa 499. Wanda ke zaune a nesa zai ce to ina tsadar? Amsar ita ce da yawanmu ba a gidan mai muke sha ba. Daga nan zuwa Ɗan Isa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, daga can sai Jibiya, kuma shekara da shekaru gwamnatin Nijeriya na biyan tallafi a kan man da ake sayarwa a ƙasarta. Wannan man ne ke tsallakowa cikin jarkoki a kan babura, a jera shi cikin kwalabe a bakin titi, mu saya lita a dala hamsin ko sittin, wato sefa 250 ko 300. Wato tallafin da aka yi don ƴan Nijeriya, mu ma muna cin rabonmu, kuma a kan wannan arahar muka gina zaɓin motocinmu ba tare da mun lura ba. Ranar 29 ga Mayun 2023 shugaba Bola Tinubu ya ce a jawabinsa na karɓar mulki tallafin mai ya ƙare. Cikin ƴan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500, kafin ƙarshen 2024 ta haye 1,000. Faɗuwar naira kan sa man kwalba ya ɗan sauko wani lokaci, amma bai koma yadda yake a da ba. Sai kowa ya juya gidan mai, alhali matatarmu ta SORAZ a Damagaram, wadda ta fara aiki a ƙarshen 2011, ganga 20,000 ne ƙarfinta a rana. Ka tuna layin da aka sha cikin azumin 2025, mutum ya yi asubanci da bakin azumi ya wuni a rana don lita goma. Ni a ganina wannan layin ya fi farashin kansa juya tunanin mutane, don a ranar ne mai Yaris ya ga lita goma ta kai shi mako, mai V6, wato mai silinda shida irinka, kuwa ya ga kwana biyu ta ƙare.

Abin da kake gani a wurin dillalai kuwa ba a kanmu farau ba. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka dakatar da sayar wa Amurka da wasu ƙawayen Isra'ila mai, gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 ta Amurka zuwa kusan 12 cikin ƴan watanni. A lokacin Amurkawa dogayen motoci masu silinda takwas suke hawa. Ƙananan motocin Japan irin su Corolla da Honda Civic, waɗanda da ake rainawa, nan suka sami shiga, kuma a 1975 aka kafa dokar da ta tilasta wa kamfanonin mota rage shan man abin da suke ƙerawa. Haka aka sake yi a 2008, lokacin da ganga ta kai dala 147 ta Amurka a watan Yuli: manyan motoci suka yi kwantai, aka yi ta rububin ƙanana, har ƙatuwar motar nan Hummer aka daina ƙerawa a 2010. Amma ka ji ƙarashen labarin, don shi ne amsar tambayarka ta "zai ɗore?" Da farashin ya faɗi daga ƙarshen 2014, Amurkawa suka koma wa manyan motocinsu kamar ba a yi ba. A Turai kuwa, inda haraji ya sa mai ke da tsada kullum, ƙaramin inji ya zama al'ada. Shi ya sa in ka leƙa wurin masu sayar da mota za ka ga ƴan Beljik yawancinsu inji 1.3 ne ko 1.6 da giyar hannu, waɗanda aka kwaso daga Amurka kuwa V6 ne otomatik, irin taka. Kowace mota tana ɗauke da farashin man ƙasar da aka ƙera ta dominta. Mu kuma yanzu mun fi kama da Turai: abin da ya tafi tallafi ne, kuma ban ga alamar zai dawo yadda yake ba. Don haka kada ka zauna jiran man dala sittin.

Yadda juyin ke tafiya, mataki-mataki ne. Da fari ba wanda ke sayar da mota. Sai dai a rage zirga-zirga, a bar zuwa hira can ƙarshen gari, a haɗa saƙo uku cikin fita ɗaya. Daga nan sai a ajiye motar a gida a lulluɓe ta, maigida ya hau babur, yara su shiga adaidaita. A gaskiya "ƙaramar motar" da mutanen Maraɗi suka fi komawa ita ce babur mai 125, wanda lita biyu zuwa biyu da rabi ke kai shi kilomita 100. Sai daga baya, in an ga tsadar ta zauna daram, wanda zai sayi mota ya nemi ƙarama, mai babba ya kai ta kasuwa. To a wannan gaɓar kake, kuma nan ne wurin haɗari, don kowa na son sayar da abu ɗaya ya sayi abu ɗaya a lokaci ɗaya. Ga shi tun bayan Yulin 2023 hanyar Kwatano ta toshe, kaya na zagayowa ta Lome da Burkina, kuɗin kawo mota ya ƙaru. Masu nema sun yi yawa, motocin sun yi ƙaranci. Ma'anar wannan ita ce wani kaso na ribar man da kake hange, mai sayar da Corollar ya riga ya ɗora shi a kan kuɗinta, wani kason kuma mai sayen Highlander ɗinka ya zare shi daga tayinsa. Kai ne za ka biya duka biyun.

Yanzu mu zauna mu yi lissafi, kai da ka san ciniki. Ban san tafiyarka ba, amma mu ɗauka kana yin kilomita 30 a rana tsakanin gida, makarantar yara da kasuwa, ga kuma zuwa ƙauye da dawowa sau ɗaya. Mu ce kilomita 1,200 a wata. Highlander mai silinda shida a cikin gari, da kilim a kunne, abin da na saba gani lita 13 zuwa 15 ne a kilomita 100. Mu ɗauki 14. Lita 168 ke nan a wata. In muka sa lita a sefa 500 don sauƙin lissafi, jika 84 ne, wato sefa 84,000. Lokacin da kake sha a dala sittin, wannan man jika 50 da ƴan kai ne, ka ga inda nauyin ya fito. Corolla mai inji 1.6 in tana da lafiya za ta sha wajen lita 8 da rabi, wato lita 102, jika 51. Yaris mai 1.3 kuwa wajen 6 da rabi, lita 78, jika 39. Kenan in ka koma Corolla za ka rage jika 33 a wata, kusan jika 400 a shekara. Kuɗi ne, ba wasa ba. To amma sai ka haɗa ɗaya ɓangaren: cikon da za ka yi, la'adar dillali sau biyu, sauya takardu, da gyaran da ba makawa sai ka yi wa duk motar hannu da ka saya, taya ne, batir ne, ƙafafu ne. A ce duka sun tashi miliyan ɗaya. Wata 30 ke nan, shekara biyu da rabi, kafin ka fara cin riba. Wannan ciniki ne da za a iya yi. Amma da tafiyarka kilomita 400 ce kawai a wata, abin da za ka rage jika 11 ne, kuma wannan miliyan ɗin sai ya ɗauki fiye da shekara bakwai kafin ya dawo, motar ma ta tsufa. Shi ya sa direban taksi ko mai jigila zuwa Tasawa ya kamata ya sauya tun jiya, ma'aikacin da ofis ɗinsa ke bayan gidansa kuwa ya riƙe abarsa. Amsar tana jikin agogon kilomita.

Hanyar aunawa ba ta da wuya. Ka je gidan mai ka cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, ka rubuta lambar agogon kilomita a takarda. Ka yi harkokinka yadda ka saba, kada ka canja komai. Bayan mako ɗaya ko kwana goma ka koma wannan famfon ka sake cikawa. Litar da ta shiga karo na biyu ita ce abin da ka ƙona. Ka raba ta da kilomitar da ka yi, ka ninka sau 100. Ka yi haka sau biyu, ɗaya na cikin gari zalla, ɗaya har da tafiyar Dakoro.

In ka ga lamba ta haura 16, to matsalar ba girman motar ba ne kaɗai, ciwo take da shi. Nan nake son in daɗe, don nan ne kuɗin mutane ke zubewa a banza. Kwanakin baya wani bawan Allah ya kawo mini irin motarka yana cewa in nemo masa mai saye ko nawa ne. Muka auna, lita 19. Na buɗe gidan filtar iska, na ɗaga ta sama na buga a ƙasa, ƙurar hunturu ta tashi kamar an zazzage buhun gari. Ko hasken rana ba ya ratsa ta. Buji guda shida, uku na gaba an taɓa canja su, uku na baya da ke ƙarƙashin bututun iska ba a taɓa kai musu hannu ba tun zuwan motar, bakinsu ya cinye. Tayoyi huɗu duk a sassauce, don ya rage iska zai ratsa rairayi tun bikin wani ƙanensa, bai sake bi ta wurin mai faci ba. Sannan an cire kalostat. Wannan al'ada ta cire kalostat, wai ƙasarmu da zafi, ta yi mana ɓarna mai yawa. Aikin wannan ɗan ƙarfen shi ne ya tsare ruwa har inji ya kai zafin da aka ƙera shi ya yi aiki a kai, wajen digiri 90. In babu shi inji kan daɗe bai ɗumama ba, musamman da safe lokacin sanyi da kuma gajerun tafiye-tafiye, kwamfutar motar kuwa muddin tana ganin inji da sanyi sai ta yi ta ƙara mai. Ga fitilar inji a kunne shekara biyu, an manna mata baƙin salatif don kada ta dame shi, alhali na'urar da ke shinshinar hayaƙi a bututun salansa ce ta mutu, kuma ita ce ke gaya wa kwamfuta ta rage mai. Muka gyara waɗannan, muka wanke injekta da dattin man kwalba ya toshe, ta dawo 14 da ɗan abu. Abin da ya kashe bai kai man wata biyu ba. Har yau tana hannunsa. Ba na cewa gyara zai mai da V6 ta zama Yaris. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubda ruwa. Mota mai nauyin kusan tan biyu, duk tsayawa da tashi a cunkoson bakin kasuwa sai an ƙona mai kafin a motsa wannan nauyin. Amma a bar ta ta sha rabonta kawai.

Tuƙi ma na da nasa kaso. Barin inji na aiki da kilim a ƙofar shago rabin awa ana ciniki, lita guda ce ko kusa ta tafi ba ka motsa ba. A kan kwalta kuma, tsakanin gudun 90 da 120 bambancin shan mai babba ne, don turjiyar iska ba daidai da gudu take ƙaruwa ba, ninkuwa take.

Sai batun iyali da hanya, wanda lissafin lita ba ya nunawa. Ku bakwai ne. Yaris kujera biyar ce, kuma biyar ɗin ma na masu haƙuri. In ya zama kowace fita sai an yi sawu biyu ko an ƙara da adaidaita, ribar ta tafi. Ƙaramin inji kuma in an danne shi da kaya, ga kilim a zafin Afrilu da Mayu lokacin da ake haye digiri 40, dole ka taka shi har ƙasa, sai shan mansa ya matso kusa da na babba, ga wahalar inji. Na fi jin tsoron waɗannan masu silinda uku, inji 1.0, ga mai iyali irinka. Akwai wanda ya sayar da kat-kat ɗinsa ya sayi irinta, ya kama hanyar ƙauye da damina da buhunan gero biyu a but. Inda kwalta ta ƙare cikin motar ya daki tudun da ke tsakanin sawun amalanke, kaskon man inji ya fashe, bai lura ba sai da inji ya kama. Kuɗin sabon inji ya cinye ribar man shekara biyu. Garin neman gira aka rasa ido. Kai ka san hanyar ƙauyenku fiye da ni: in daga bakin kwalta akwai rairayi mai zurfi ko kwazazzabo, to tsayin motar daga ƙasa ba ado ba ne, kayan aiki ne.

Za a ce maka ka sayi mai gazuwal. Gaskiya ne injin gazuwal ya fi tsimi, amma tun Agustan 2022 gazuwal ya fi esansi tsada a ƙasar nan. An kai shi 668, ragin 2024 ya mai da shi 618. Ƙananan motocin gazuwal na Turai na zamanin nan kuma injektocinsu ba sa jure gurɓataccen mai, gyaransu kuwa sai ka dafe kai. Za a kuma ce maka ka sayi mai haɗin batir da esansi irin Prius, wadda Toyota ta fara fitarwa a Japan a 1997. A cikin gari babu kamarta wajen tsimi, don a cunkoso injin kan mutu batir ya ja. Sai dai wadda za ta iso hannunmu ta shekara goma ko fiye, batirinta ya ci rabin ransa, zafi da ƙura kuma su ne maƙiyansa. In za ka saya, sai an sa mata na'ura an duba lafiyar batirin a gabanka, kuma ka san tun yau wanda zai gyara maka ita a garin nan.

In ka tambaye ni abin da zan yi da ni ne kai, ga shi. Zan auna tukuna, in gyara abin da ya lalace. In tafiyata ta kai kilomita 1,000 a wata kuma mafi yawanta cikin gari ne, hanyar ƙauye kuma mota ƙarama na iya shiga, zan sauya, amma ba zan yi tsalle daga silinda shida zuwa uku ba. Zan nemi mai silinda huɗu, inji 1.6 ko 1.8, giyar hannu, irin Corolla Verso mai kujera bakwai ko Corolla mai dogon baya, waɗanda kayan gyaransu ke ko'ina daga nan har Katsina kuma kowane yaron garaji ya san cikinsu. In kuwa hanyar ƙauye ba ta yarda da ƙarama, zan riƙe Highlander don iyali da tafiyar wata-wata, in sayi babur don zuwa kasuwa. Kilomita 900 na cikin gari in ka mai da ko 600 daga ciki kan babur, ka rage wajen lita 70 a wata, jika 35 ke nan, fiye da abin da Corolla za ta rage maka, kuma kuɗin babur bai kai cikon mota ba. Sharaɗin kawai ka sayi hular kwano ka riƙa sawa, don na ga abin da titunan garin nan ke yi wa masu babur, kuma jika 35 ba ta kai ƙafar mutum ba.

In ka yanke shawarar sayarwa, kada ka kai ta ranar da ake layin mai, ranar ce dillali ya fi ƙarfinka. Ka gyara ta, ka wanke ta, ka nemi mai buƙatarta da gaske: ɗan kasuwar dabbobi, mai gona a nesa, ko mai zuwa kasuwannin ƙauye, waɗanda a wurinsu ƙaramar mota ba ta da amfani ko mai ya kai nawa. Wadda za ka saya kuma kada ka yarda da "ai ba ta shan komai" daga bakin mai sayarwa. Ka roƙi a cika tanki, ku je Gidan Rumji ku dawo da kilim a kunne da mutum huɗu a ciki, a sake cikawa a gabanka, kai ka biya man. In mai motar ya ƙi, ka bar masa abarsa.

Ka yi awon nan sau biyu, Alhaji, ka aiko mini da lambobin tare da shekarar motar da kuma tayin da aka yi maka, sai mu sake zama a kansu. Ka gaida mutanen gida.